Waiwaye: Sridevi, harsuna biyar da muryar aro

Mu a nan mun saba cewa "Indiyanci", kamar dai duk mutanen ƙasar Indiya baki ɗaya suke magana da shi. Wanda ya taso yana shiga sinimar Plaza ko Marhaba a Kano, ko yana jiran daren da gidan talabijin zai sa fim ɗin Indiya, yawanci harshen Hindi kunnensa ya saba da shi, domin finafinan Bombay ne suka fi iso mana. Amma kundin tsarin mulkin Indiya harsuna 22 ya lissafa, kuma da dama daga cikinsu kowanne yana da masana'antar fim tasa, da jarumansa, da 'yan kallonsa. A kudu kaɗai akwai manya huɗu: Tamil, Telugu, Malayalam da Kannada. Waɗannan huɗu dangin juna ne, amma ba su haɗa asali da Hindi ba. Mai jin Hindi zalla idan aka ajiye shi a kasuwar ƙauyen Tamil, sai dai ya yi ciniki da hannu.

Ba na jin akwai wadda rayuwarta ta bi ta cikin wannan rarrabuwa kamar jarumar fim Sridevi, wadda da yawanmu muka fara sani a fim ɗin macijiya, wato Nagina.

An haife ta ranar 13 ga Agusta 1963 a wani ƙauye kusa da garin Sivakasi, a jihar da yanzu ake kira Tamil Nadu. Mahaifinta Ayyappan lauya ne, ɗan wannan yanki na masu harshen Tamil. Mahaifiyarta Rajeswari kuwa 'yar Telugu ce. Ke nan tun a tsakar gida ta tashi da baki biyu, kuma babu Hindi a cikinsu. Zamanin ma ba na son Hindi ba ne a yankin. A 1956 aka sake shata iyakokin jihohin Indiya bisa harshe, sannan a 1965, da gwamnatin tarayya ta yi yunƙurin mayar da Hindi harshen hukuma shi kaɗai, ɗalibai suka fantsama kan tituna a jihar Madras, wato Tamil Nadu ta yanzu, aka yi tarzoma, aka rasa rayuka da dama. Bayan shekara biyu jam'iyyar DMK, wadda ta tsaya kan kare harshen Tamil, ta karɓi mulkin jihar, kuma manyan jagororinta marubuta finafinai ne. A wannan shekarar ta 1967 ce aka fara ganin Sridevi a fim, tana 'yar ƙaramar yarinya, a fim ɗin Tamil mai suna Kandan Karunai.

Abin da ya sa ta iya yin harsuna da yawa tun tana ƙarama ba wani sirri ba ne, tsarin sana'ar ne a lokacin. Birnin Madras, wanda yau ake kira Chennai, shi ne matattarar duk masu fim na kudu. A unguwar Kodambakkam da kewayenta manyan sutudiyo irin su AVM da Vijaya Vauhini suke, kuma a nan ake ɗaukar na Tamil da na Telugu da na Malayalam da na Kannada, wani lokacin bango ɗaya ne tsakaninsu. Yarinya mai hazaka tana iya gama aikin safe da wani harshe, ta shiga na yamma da wani. Labarin da ya karɓu a wannan harshe kuwa nan da nan furodusan wancan harshe zai saya ya sake ɗauka. Haka Sridevi ta yi ta zagayawa. A 1971 jihar Kerala ta ba ta lambar yabo ta yara a kan fim ɗin Malayalam mai suna Poompatta, tana da shekara takwas.

Akwai abin da ba na iya wucewa a wannan ɓangare na tarihinta ba tare da zuciyata ta sosu ba. Yarinyar ba ta yi ƙuruciya ba. Makaranta ta gagara, domin kullum tana lokeshin, mahaifiyarta na zaune a gefe. Ita da bakinta ta sha faɗa daga baya cewa rayuwar makaranta ta wuce ta. A 1976, tana da shekara 13, darakta K. Balachander ya ɗaura mata sari ya ba ta matsayin babbar mace a Moondru Mudichu, tare da Kamal Haasan da Rajinikanth, inda a ƙarshen labarin ta zama matar uban Rajinikanth. Ga kuma wanda ya fi wannan: a 1972 ta fito a matsayin jikar N. T. Rama Rao, babban jarumin Telugu, a fim ɗin Badi Panthulu. Shekara bakwai kacal bayan haka, a Vetagadu, sai ga ta ita ce budurwarsa, suna rawa da waƙa, alhali ya girme ta da shekara 40. 'Yan kallo sun yi tafi, furodusoshi sun kwashi kuɗi. Ni dai har yau ina ganin sana'ar ta ci amanar yarinyar nan, ko da kuwa ita ce ta ɗaukaka ta.

Shigarta Bombay ba ta zo da sauƙi ba. Fim ɗin 16 Vayathinile na darakta Bharathiraja, wanda ya fito a 1977, ya girgiza masana'antar Tamil domin ya fitar da kyamara daga sutudiyo ya kai ta ƙauye na gaske. Aka sake shi da Telugu a 1978, ita ce dai jarumar, ya karɓu. Aka sake shi da Hindi a 1979 da sunan Solva Sawan, ita ce dai, ya faɗi warwas. Ta tattara ta koma Madras, inda dama ba ta rasa aiki ba.

Hanyar da ta bi ba sabuwa ba ce. Vyjayanthimala ta riga ta tun 1951, sai Waheeda Rehman, sai Hema Malini, sai Rekha, duk daga kudu. Abin lura shi ne mata ne suka fi tsallakawa. Kamal Haasan da Rajinikanth sun gwada finafinan Hindi a farkon shekarun 1980, sun samu wasu nasarori, amma daga ƙarshe gida suka koma. Dalilin a ganina shi ne yadda aka raba aiki a finafinan wancan zamani: namiji shi ke da dogon jawabi da kurari ga bos, don haka harshensa sai ya fita tas, mace kuwa an fi neman rawa da kyan fuska a wurinta, maganarta ana iya ba wata ta yi. Ƙofar da ta buɗe wa matan kudu ita kanta shaida ce ta yadda aka raina muryar mace.

A 1983 Sridevi ta dawo finafinan Hindi, kuma wannan karon mutanen kudu ne suka kawo ta da kuɗinsu da daraktansu. Himmatwala maimaicin wani fim ɗin Telugu ne, K. Raghavendra Rao ya ba da umarni, Jeetendra ne jarumi. Wanda ya gani zai tuna rawar nan ta bakin teku, an jera tukwane masu launi bila adadin. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, ita da Jeetendra suka ci gaba da fitowa tare har kimanin sau 16. Sai dai muryar da 'yan kallo ke ji ba tata ba ce. Ba ta jin Hindi. Haddace kalmomin take yi ta motsa baki a kansu, daga baya a ɗora muryar wata. Wadda ta fi yi mata wannan aiki ita ce Naaz, wadda ita ma tauraruwar yara ce a shekarun 1950 kafin girma ya mayar da ita bayan labule. A Aakhree Raasta na 1986 kuwa Rekha ce ta ara mata murya. 'Yan jaridar Bombay sun riƙa yi mata shaguɓe saboda ƙarancin maganarta, da yadda take mayar da tambaya ga mahaifiyarta.

To da me ta ci kasuwa? Da ido da fuska da jiki. Wanda yake son ya gane haka ya nemi Sadma, shi ma na 1983, maimaicin Moondram Pirai da Balu Mahendra ya yi da Tamil shekara guda kafin nan. Ta fito a budurwar da haɗarin mota ya mayar da hankalinta na 'yar yarinya, wani malamin makaranta ya tsince ta ya riƙe ta. A ƙarshe ta warke, ta manta da shi gaba ɗaya. Ya biyo ta tashar jirgin ƙasa jina-jina, jikinsa duk taɓo, yana kwaikwayon biri kamar yadda ya saba yi don ya ba ta dariya, ko za ta tuna. Tana zaune a bakin taga, ta dube shi da tausayi irin wanda ake yi wa mahaukacin hanya, ta miƙa masa abinci, jirgi ya tashi. Wannan kallon nata ba ya bukatar fassara. Shi ne irin abin da ya riƙe iyayenmu a kujerun sinima shekara da shekaru ba tare da sun ji kalma ɗaya ba.

Nagina ya fito a 1986, inda ta yi rawar macijiya cikin fararen kaya, idanu sun rikiɗe, Amrish Puri yana busa mata. Fim ne da mace ta ɗauke shi a kanta, jarumin namiji yana biye. Mr. India ya biyo baya a 1987. Daga nan aka fara rubuta labari saboda ita, ana biyanta kuɗin da babu macen da ta kai. A Chandni na Yash Chopra, a 1989, ta karɓi muryarta ta riƙe, har ta rera waƙa a ciki, kuma a shekarar ta yi fitowa biyu a ChaalBaaz ta ci kyautar Filmfare. Siririyar muryar nan mai ɗan karin kudu, wadda aka ɓoye shekaru, ita ce ta zama alamarta. Duk da haka ba ta saki gida ba: a 1990 da 1991 ta yi manyan finafinan Telugu biyu, ɗaya da Chiranjeevi, ɗaya da Venkatesh. Idan aka ƙirga aikinta gaba ɗaya, na Hindi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mu abin da muka gani a nan ƙaramin kaso ne.

Mahaifinta ya rasu tana tsaka da aikin Lamhe na 1991. Ta je aka yi makoki, ta dawo ta ƙarasa. Mahaifiyarta ta bi bayan 'yan shekaru. A 1996 ta auri furodusa Boney Kapoor, ta haifi Janhvi a 1997, Khushi a 2000, ta bar fim shekara 15.

Fim ɗin da ta dawo da shi a 2012, English Vinglish na Gauri Shinde, kamar an ɗinka mata shi ne. Matar aure ce mai sana'ar kayan zaƙi a gida, mijinta da 'yarta suna yi mata dariya don ba ta iya Turanci ba. Ta je New York bikin 'yar yayarta, ta shiga shagon shayi ita kaɗai. Mai sayarwa tana jero mata tambayoyi da sauri, layi ya taru a bayanta, bakinta ya sarƙe, kuɗi suka zube, ta fita da gudu ta zauna a benci tana kuka. Macen da ta yi shekaru a Bombay ana magana a madadinta ba ta bukatar a koya mata yadda wannan kunya take. A 2013 gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri. Mom, wanda aka tallata a matsayin fim ɗinta na 300, ya fito a 2017 da harsuna huɗu.

Ranar 24 ga Fabrairu 2018 ta rasu a wani otal a Dubai, bayan ta je bikin dangin mijinta. Hukumomin can sun ce nutsewa ta yi a kwamin wanka bisa tsautsayi. Shekarunta 54. An yi mata jana'izar ban girma ta gwamnati a Mumbai, wato Bombay ta da, aka kai tokarta Rameswaram, a gabar tekun Tamil Nadu. Kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasa, wadda ba ta taɓa samu ba tana raye, bayan rasuwarta aka ba ta a kan Mom.

Kafin ta rasu ruwa ya riga ya fara sauya hanya. Masana'antar Telugu ta daɗe da barin Madras ta koma Hyderabad, kuma tun da fim ɗin Telugu mai suna Baahubali ya fito a 2015 furodusoshin kudu suka gane ba sai sun sake ɗaukar fim da jaruman Bombay ba. Su ɗauka sau ɗaya da nasu, su ɗora muryoyi da harsuna biyar, su saki rana ɗaya. Wannan guguwa ta iso har Kano, domin da yawa daga cikin finafinan da masu fassara ke ɗora wa Hausa yanzu na Telugu ne da Tamil, kuma matasanmu sun san jaruman Hyderabad kamar yadda iyayensu suka san na Bombay. Yanzu 'yan matan Mumbai ne ke neman hanyar kudu, su ne ke haddace kalmomin da ba su tashi da su ba. Cikinsu har da Janhvi. Fim ɗinta na farko da harshen kakarta ta wajen uwa, Devara, ya fito a 2024, kuma jarumin da ta fito tare da shi jikan N. T. Rama Rao ne.