Kiɗan Sabuwar Shekara na Biyana

Kiɗan Sabuwar Shekara na Biyana taron kiɗa ne da ƙungiyar makaɗa ta Vienna Philharmonic take yi duk ranar 1 ga Janairu a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ana farawa da ƙarfe 11:15 na safe a babban zauren ginin Musikverein, wanda aka fi sani da Zauren Zinare, kuma galibin abin da ake kaɗawa wals ne da folka da kiɗan maci na gidan Strauss da tsararrakinsu. Gidan talabijin na ORF ne ke ɗauka kai tsaye ya watsa wa ƙasashe sama da 90, sannan duk shekara ana fitar da shi a faifai, to shi ya sa yawancin masu son wannan kiɗa ba su taɓa taka Biyana ba, ta faifai da talabijin suka san shi. A watan Janairu agogon Biyana daidai yake da na Najeriya da Nijar, wato lokacin da aka soma can hantsi ne a Kano da Damagaram.

Kiɗan kansa

Wals kiɗan rawa ne mai bugu uku, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, mace da namiji suna riƙe da juna suna kewaya zaure. Asalinsa raye-rayen ƙauyukan Ostiriya da kudancin Jamus ne, musamman wadda ake kira Ländler, ya shigo birni wajen ƙarshen ƙarni na 18. Folka kuma bugu biyu ce, ta fi zafi da tsalle-tsalle, daga yankin Bohemiya na ƙasar Cek ta yanzu ta fito, wajen shekarun 1830. A wannan taro ana jin iri uku, akwai mai sauri, akwai mai natsuwa da suke cewa ta Faransa, akwai kuma folka mazur wadda ita bugu uku gare ta kamar wals duk da sunanta.

Abin da ya bambanta makaɗan Biyana da sauran shi ne yadda suke taka bugun nan uku. Ba sa raba su daidai wa daida kamar agogo. Bugu na biyu yana ɗan riga lokacinsa zuwa, na uku kuma ya ɗan yi jinkiri, sai ka ji kiɗan yana rangaji kamar mai yanga. Wannan abu ba a rubuce yake a takardar kiɗa ba, a kunne ake gadonsa daga malami zuwa almajiri, kuma idan mutum ya saurari wals ɗaya daga bakin wata ƙungiya sannan ya saurare shi a faifan Biyana zai ji bambancin ko da bai san sunan abin ba. Ka bar gogunan da ke ɗauke da waƙar a sama, ka kasa kunne ga na ƙasa masu riƙe bugu, a can sirrin yake.

Gidan Strauss

Uban gidan shi ne Johann Strauss babba, an haife shi 1804 ya rasu 1849. Shi da Joseph Lanner, abokinsa da daga baya suka zama kishiyoyin sana'a, su suka ɗaga wals daga kiɗan mashaya ya zama na manyan zauruka. Bai so 'ya'yansa su gaji kiɗa ba, amma uku suka gada. Johann ƙarami, 1825 zuwa 1899, shi ake yi wa laƙabi da sarkin wals, ya ma shafe uban a suna. Josef, 1827 zuwa 1870, injiniya ne tun farko, rashin lafiyar yayansa ce ta sa aka jawo shi ya riƙe ƙungiyar makaɗan gidansu, kuma masu kunne da yawa sun fi jin nasa a zuciya don akwai wani ɗan jimami a cikinsa ko da ana rawa. Eduard ne auta, 1835 zuwa 1916, ya fi shahara da folka mai sauri.

Ba su da alaƙar jini da Richard Strauss na Jamus, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Tarihi

Ita ƙungiyar Vienna Philharmonic an kafa ta 1842 a hannun Otto Nicolai, kuma ta daɗe tana yi wa kiɗan Strauss kallon kiɗan rawa wanda bai kai matsayinta ba. A Afrilun 1873 ne Johann ƙarami ya jagorance su da kansa, gogensa a hannu, suka kaɗa sabon wals ɗinsa Wiener Blut a wannan gini na Musikverein, wanda a lokacin shekararsa uku da buɗewa. Duk da haka sai da aka ƙara shekaru masu yawa kafin kiɗan ya zauna musu sosai. Wanda ya dage a kai shi ne Clemens Krauss, da ya riƙa shirya taron kiɗan Strauss zalla da su a bikin Salzburg daga 1929 zuwa 1933.

Taron farko ba ma ranar sabuwar shekara aka yi shi ba, ranar 31 ga Disamba 1939 ne, Krauss na jagora. Lokacin Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya tun 1938, yaƙin duniya na biyu kuma ya fara da wata huɗu, kuɗin da aka tara ma asusun tallafin hunturu na 'yan Nazi aka kai wa. Daga 1 ga Janairu 1941 ne ya koma safiyar sabuwar shekara. Wannan asali ba mai daɗin faɗa ba ne, kuma an daɗe ba a son tono shi, sai a 2013 masana tarihi da ƙungiyar ta buɗe wa ma'ajiyar takardunta suka fitar da bayani cewa a 1942 mutum 60 cikin makaɗa 123 'yan jam'iyyar Nazi ne, an kori makaɗa 13 saboda Yahudawa ne ko suna auren Yahudawa, biyar daga ciki a sansanonin tsare mutane suka mutu. Wani abin kuma, shi kansa gidan Strauss akwai jinin Yahudawa ta wajen kakanni, hukumomin Nazi suka sauya rajistar coci don su ɓoye, saboda ba za su iya hana mutanen Biyana kiɗan da suka fi so ba.

Bayan yaƙi Josef Krips ya riƙe 1946 da 1947, sannan Krauss ya dawo har rasuwarsa a 1954.

Daga nan sai zamanin Willi Boskovsky, kuma gaskiya shi ne ya ba taron kamannin da duniya ta sani. Shi ba baƙon jagora ba ne da aka gayyato, shugaban masu goge ne na ƙungiyar, abokan aikinsa suka ɗora shi, ya yi sau 25 a jere daga 1955 zuwa 1979. Tsayawa yake a gaba da gogensa kamar yadda su Strauss suke yi, ya ba da umarni da bakan gogen, in waƙa ta yi daɗi sai ya ɗora goge a wuya ya shiga ciki, ya juyo ya fuskanci jama'a yana murmushi. A zamaninsa aka fara nunawa a talabijin, 1959, mai launi kuma daga 1969. Lorin Maazel ya karɓa daga 1980 zuwa 1986, daga 1987 aka koma sauya jagora duk shekara, makaɗan ne da kansu suke zaɓa don ƙungiyar ba ta da jagoran dindindin.

Yadda taron ke tafiya

Kashi biyu ne da hutu a tsakani, duka ya kan kai kamar awa biyu da rabi. Ana yi wa zauren ado da furanni dubbai, daga 1980 zuwa 2013 garin Sanremo na Italiya ke aikowa, yanzu masu lambun birnin Biyana ne ke yi. Masu kallo a talabijin suna samun abin da na cikin zaure ba sa gani, wato 'yan rawar bale da aka ɗauka a fadoji irin su Schönbrunn ana saka su a kan wasu waƙoƙin. Akwai kuma wasa da raha a cikin folka, wata ana buga maƙera da guduma kamar a gidan maƙeri, wata ana harba bindigar wasa, wata a yi kukan tsuntsu, ga Pizzicato-Polka ta Johann da Josef wadda ake ajiye baka a riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa kamar mai kaɗa molo.

Ƙarshen taron shi ne kowa ke jira. Bayan an gama abin da ke cikin jadawali sai a ƙara guda uku. Na farko yawanci folka ce mai sauri. Na biyu wals ɗin nan na kogin Danube, An der schönen blauen Donau, wanda Johann ƙarami ya fitar a 1867, da farko ma da mawaƙa maza aka yi shi. Goguna za su fara da wata rawar murya siririya can ƙasa-ƙasa kamar hazo a kan ruwa, ƙaho ya ɗauko sauti uku na farko, kafin a je ko'ina jama'a su ɓarke da tafi, jagora ya sauke hannu kiɗa ya tsaya, ya juyo ya ce shi da makaɗan Biyana suna yi wa kowa fatan, sai makaɗan duka su ƙarasa masa maganar da murya ɗaya, Prosit Neujahr, wato barka da sabuwar shekara. Sannan a sake ɗauko wals ɗin daga farko a kai shi ƙarshe ba mai tari. Na uku kiɗan macin Radetzky ne na Strauss babba, na 1848, wanda aka yi wa wani babban hafsan sojan Ostiriya, a nan jagora yakan juya wa makaɗa baya ya koma jagorantar tafin jama'a, ya nuna musu inda za su sassauta da inda za su sake hannu. Waɗannan biyun na ƙarshe, Danube da Radetzky, sun fara shigowa ne a 1945 da 1946, amma sai wajen 1958 suka zama dole.

A 2005 ba a kaɗa Radetzky ba saboda juyayin waɗanda igiyar tsunami ta kashe a tekun Indiya kwanaki kaɗan kafin nan. A 2021 kuma, lokacin korona, Riccardo Muti ya jagoranci taron kujeru ba kowa, aka yi macin ba tafi, kuma duk wanda ya saba da shi in ya ji wannan faifan sai jikinsa ya yi sanyi.

Faifai

Wanda zai fara tara faifan wannan taro yawanci da na jagorori uku ake ce masa ya fara. Na 1979, na bankwanan Boskovsky, kamfanin Decca ne ya ɗauka, kuma yana cikin faifan garmaho na farko-farko a Turai da aka naɗa da na'urar dijital, ana jin tafi da motsin zauren kamar kana ciki. Na 1987 na Herbert von Karajan ne, sau ɗaya tak ya yi, yana da shekara 78 jiki ya yi rauni, tafiyar kiɗan a natse take da nauyi, a ciki ne Kathleen Battle 'yar Amurka ta rera wals ɗin Johann ƙarami mai suna Frühlingsstimmen. Sai na Carlos Kleiber, 1989 da 1992, waɗanda masu sharhi da dama ke ɗorawa a sama da kowa, kuma wannan kam a nemi na bidiyo, don rabin daɗin a kallonsa yake. Wani lokaci sai ya daina kaɗa sanda gaba ɗaya, ya jingina da ƙarfen bayansa ya bar makaɗa suna tafiya, can sai ya ɗaga hannun hagu a hankali ka ji goguna sun bi hannun kamar da zare ya ja su.

Bayan waɗannan akwai na Nikolaus Harnoncourt, 2001 da 2003, mutumin da ke komawa tsofaffin takardu ya kankare abin da aka ƙara wa kiɗa daga baya, nasa ya fi kaifi, wasu na so wasu na cewa ya rage zaƙi. Na Seiji Ozawa na 2002 ya yi kasuwa sosai a Japan. A na 2009 Daniel Barenboim ya sako ƙarshen wani kiɗan bankwana na Haydn, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, don cikar shekara 200 da rasuwar Haydn ɗin, makaɗa suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna ficewa har dandamalin ya kusa zama wayam. Mariss Jansons ya yi 2006 da 2012 da 2016. Gustavo Dudamel ɗan Benezuwela ya yi 2017 yana da shekara 35, shi ne mafi ƙuruciya. Muti ya yi sau bakwai tsakanin 1993 da 2025.

Daɗin tara su shi ne waƙoƙin ƙarshe ba sa canzawa, ƙungiya ɗaya, zaure ɗaya, to sai ka jera Danube na Boskovsky da na Karajan da na Kleiber ka ji yadda kowa ke jan numfashi kafin ya faɗa cikin bugun farko, wani ya ja har ka ƙosa, wani ya faɗa ba sallama. Kuma kusan kowace shekara ana tono wasu waƙoƙi da ba a taɓa kaɗawa a taron ba, don gidan Strauss kaɗai sun bar fiye da dubu. Yanzu faifan kan fito cikin kwanaki bayan taron, a CD da bidiyo da manhajojin sauraron kiɗa na intanet, a 'yan shekarun nan Sony Classical ke fitarwa.

Tikiti

Sau uku ake yin jadawalin, 30 da 31 ga Disamba da 1 ga Janairu. Zauren kujera 1,744 gare shi da wurin tsayuwa na mutum kamar 300, masu nema kuwa sun ninka haka nesa, don haka ƙuri'a ake yi, ana rajista a shafin ƙungiyar na intanet a farkon shekara.

Suka

An daɗe ana sukar ƙungiyar kan mata, sai 1997 ta karɓi mace ta farko a matsayin cikakkiyar mamba, Anna Lelkes. A 2020 an daina amfani da tsarin macin Radetzky na Leopold Weninger saboda ɗan Nazi ne, aka yi sabo. Kiɗan da mace ta tsara kuwa sai a 2025 aka fara sa shi a taron, wani wals na Constanze Geiger, wadda ta yi zamani da su Strauss a Biyana.