Waiwaye: Bakin Hanya, Burtali da Hurumi a Ƙauyukan Zariya

Tun kafin zuwan Turawa Zazzau a 1902, kowane gari yana da filayen da ba gonar kowa ba ne, amma kuma ba a bar su sakaka ba. Akwai hurumi da ake keɓewa a gefen gari, akwai makiyaya da mashaya, akwai kuma burtali, hanyar shanun nan da ke ratsa gonaki, wadda ake shingewa da aguwa ko bini-da-zugu. Dagaci da masu unguwa su ke tsare iyakokinsu, kuma wanda ya tura garmarsa ciki ya san za a kira shi ƙofar fada. Ba don tsuntsu ko bushiya aka yi wannan tsari ba. An yi shi ne don shanu su wuce lafiya, a samu gambar zana da itacen girki. Sai dai a cikin shingen nan makwarwa ke ƙwai, nan damo da kurege ke fakewa idan an share gonaki.

Cikin birnin ma haka abin yake, domin ganuwa ta kewaye gonaki da kududdufai, ba gidaje kaɗai ba, kuma rimaye sun yi yawan da har unguwanni suka ci sunansu, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko.

Mulkin mallaka ya kawo wani irin bakin hanya dabam. Bayan isowar jirgin ƙasa da kafa tashar binciken noma ta Samaru a 1922, an riƙa jera itatuwa a gefen tituna, maɗaci da mangwaro da darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take. An samu inuwa mai kyau, kuma ma'aikatan gandun daji na En'e, wato hukumar sarakuna ta wancan lokaci, suna hukunta mai sara ba izini. Amma a ganina an yi asarar da ba a lissafa ba, saboda jerin itace iri ɗaya ba ya ciyar da abin da ɗorawa, kaɗanya, kuka da tsamiya ke ciyarwa. Ɗorawa ta isa misali: da dare furenta ke buɗewa, jemagu ne kuma ke yawan ɗaukar ƙurar furen daga wannan itace zuwa wancan don ta yi 'ya'ya, ta yadda kalwar da ake daddawa da ita tana da alaƙa da jemagen da yara ke harbi da danƙo.

Dokoki uku ne suka sauya hannun da ke riƙe da waɗannan filaye. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta fi mayar da hankali kan manyan dazuzzuka, ƙananan burtalan ƙauye kuwa suka ci gaba da dogara ga al'ada. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna a harkar mulki, sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin filayen karkara. Daga nan dagaci ya zama mai shaida da sasanci, ba mai hanawa ba. A daidai lokacin kuma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana jawo jama'a, har ƙauyuka irin su Bomo da Hanwa suka soma haɗewa da gari, kowane fili ya zama fuloti mai kuɗi.

Wanda ya bi hanyar Shika ko ta Dakace da damina zai ga sakamakon da idonsa. Masara ta zo har bakin kwalta, inda ba a shuka ba kuma an bi da maganin feshi, ciyawar ta ƙone ta yi ja tun kafin ta yi fure, babu abin da zuma za ta sauka a kai. Da kaka ta wuce sai a cinna wa sauran wuta don farautar gafiya, wutar kuma ba ta bambanta tsohuwar ciyawa da dashen bara. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai na cikin dalilan, tare da guba da cinikin sassan jikinta.

Kusan kowace shekara ana bikin dashen itatuwa, a raba tsirrai, a ɗauki hoto. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne wa zai yi ban ruwa a watan Maris, wa zai hana awaki, kuma a wane wata ya kamata a yanke ciyawar gefen hanya. Manoman da suka manyanta suna da amsar ta ƙarshe: gamba sai ta bushe ta zubar da iri ake yankanta, a bar gindin ya sake tofowa da ruwan fari.