Wai ya ake ɗaukar waƙa tun kafin a san makirfo?

Wa ya fara naɗar muryar mutum?

Kowa Edison yake cewa, kuma gaskiya ne shi ya fara ƙera na'urar da za ta ɗauki magana ta maimaita a 1877. Amma akwai wani Bafaranshe Scott de Martinville da ya riga shi, a 1860 ya rera waƙa a bakin na'urarsa, wani ɗan tsinke yana zana rawar muryar a kan takardar da aka turara da hayaƙi ta yi baƙi ƙirin. Shi burinsa a karanta sauti da ido, har ya mutu bai ji abin da ya ɗauka ba. Sai a 2008 masana a Amurka suka sa kwamfuta ta bi zanen, muryar ta fito bayan shekara 148, wallahi abin yana taɓa ni.

To in ba makirfo da me ake yi?

Da wani ƙaton mazurari ne, mawaƙi ya kafa baki a gabansa, ƙarfin muryarsa kaɗai ke girgiza allura tana tsaga kaki. Masu busa mai ƙara sai a tura su can baya, masu goge su matso kusa, shi kuma in zai ɗaga murya dole ya ja da baya kar allura ta yi tsalle aiki ya lalace. Haka aka yi ta fama har 1925 da makirfo ya shigo harkar ɗaukar waƙa.

Da gaske ne mawaƙi sai ya yi ta maimaita waƙa ɗaya?

Ƙwarai kuwa, don da farko ba a iya buga kwafi da yawa. George W. Johnson baƙar fata ne da ke yin fito da baki a titunan New York ana ba shi ɗan canji, a 1890 aka fara ɗaukarsa. Sai a jera masa na'urori 'yan kaɗan ya yi waƙar, a canja kakin ya sake, a canja ya sake, kuma waƙar tasa ta dariya ce, kenan yini guda yana ƙyalƙyala dariya ko yana so ko ba ya so. Da aka gano dabarar kwafi sai aka daina nemansa, ya rasu a 1914 cikin talauci, bawan Allah.

Garmaho fa, daga ina sunan?

Gramophone ne bakinmu ya lanƙwasa, na'urar Emile Berliner ta 1887, shi ya kawo faifai mai faɗi, wanda dama kamar faifan rufe ƙwarya yake. Gefe ɗaya kusan minti uku kawai yake ɗauka. A 1902 da aka ɗauki mawaƙiya Gauhar Jaan a Kalkata ta Indiya dole ta dunƙule doguwar waƙa cikin wannan ɗan lokaci, tana gamawa kuma sai ta faɗi sunanta da Turanci, saboda Jamus ake kai kakin a buga, ma'aikatan can ba sa jin yarenta, da sunan suke gane na wa ne su rubuta a jikin faifan.