Waiwaye: Hanyoyin Legas kafin gardamar kwalta da kankare

Tun 2023 da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta karkata ga shimfiɗa manyan hanyoyi da kankare a madadin kwalta, gardamar ba ta lafa ba. A Legas ta fi zafi, domin a nan kowa ke taka iri biyun da tayarsa. Hanyar Apapa zuwa Oshodi da Oworonshoki an sake ta da kankare, haka ita ma hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, amma babbar hanyar Legas zuwa Ibadan kwalta ce. A Mile 12 da Agege da garejin tireloli na Ogere, direbobinmu sun rabu biyu. Wasu na cewa kankare ya raba su da ramuka, wasu na kukan yana cin taya, kuma ran da ya fashe ba a yi masa faci irin na kwalta. Injiniyoyi ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wanda ya tsinci zancen daga tsakiya zai ɗauka duk ciwon hanya yana kan abin da aka malala a samanta ne. Ciwon ya girmi wannan gardama da shekara hamsin ko fiye.

Farkon labarin sananne ne. Jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya isa Kano bayan shekara goma, aka gina tashar jiragen ruwa ta Apapa a shekarun 1920. Gyaɗa da auduga da fatu da shanu a tarago suke gangarowa, goro da gishiri da kananzir su hau. Zangon Hausawa na Agege kansa a bakin layin dogo ya bunƙasa, albarkacin cinikin goro. Sai kuɗin man fetur ya zo: gadar Eko, tashar Tin Can a 1977, babbar hanyar Ibadan a 1978, gadar Third Mainland a 1990. Waɗannan kowa na tuna su, domin an yi bikin buɗe su.

Abin da ba a yi wa biki ba shi ne ƙaurar kaya daga kan dogo zuwa kan titi. A 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 abin ya faɗo ƙasa da rabin haka, alhali a shekarun ne kayan da ke shigowa ta ruwa suka ninka, har a 1975 ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cirko-cirko a bakin tekun Legas suna jiran layi. Kayan ba su ragu ba, mota suka koma. Daga baya, da tura mai ta bututu zuwa defo-defo na cikin ƙasa ya riƙa tsayawa saboda fashe-fashe, tankoki daga Sakkwato da Maiduguri suka riƙa zuwa har Apapa ɗaukar mai. Babu ranar da za a nuna a ce yau aka yi wannan sauyi. Kaɗan-kaɗan ya faru, shi ya sa bai shiga cikin tarihin da ake bayarwa ba.

Don a gane nauyin wannan sauyi sai an leƙa wani gwaji da aka yi a Amurka, kusa da garin Ottawa na jihar Ilinoi, daga 1958 zuwa 1960. An shimfiɗa zagayen hanyoyi shida, wani sashe kwalta wani kankare, kowanne da kaurinsa daban. Aka sa sojoji suna tuƙa manyan motoci masu nauyin da aka auna, suna zagayawa dare da rana, har kowane sashe da ya jure ya sha taku sama da miliyan ɗaya. Sakamakon da ya fito shi ne har yau ake lissafin kaurin hanya da shi a ƙasashe da yawa. Ba yawan motoci ne ke kashe hanya ba, nauyin da ke kan kowane aksul ne, wato ƙarfen nan da ke riƙe da taya hagu da dama. Kuma ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin. Idan nauyin aksul ya ninka sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau goma sha shida.

Ma'aunin da aka ɗauka shi ne aksul mai tan 8 da ɗan ɗori. Injiniya kan ƙiyasta irin wannan aksul nawa za su bi hanya cikin shekara 20, sannan ya yanke kaurin tsakuwa da na kwalta. To a yi lissafi. Idan motocin da ke bin hanyar suka ƙara nauyin kowane aksul da kashi 30 cikin ɗari a kan abin da aka ƙiyasta, ɓarnar ta kusa ninkawa uku, hanyar shekara 20 ta koma ta shekara 7. Idan suka ninka lodin, ba za ta ga damina ta biyu da lafiyarta ba. Ƙaramar mota kuwa, sai dubbai sun wuce kafin su yi abin da tirela ɗaya mai obalodi za ta yi a wucewa ɗaya. Hanya gajiya take yi, kamar waya da ake lanƙwasawa ana miƙewa har ta karye, kuma lanƙwasa mai ƙarfi ɗaya ta fi ƙanana dubu.

A nan ba direba nake nuna wa yatsa ba. Duk wanda ya zauna da masu dakon albasa daga Aliero ko hatsi daga Dawanau ya san yadda lissafin yake: kuɗin gas ɗaya ne, kuɗin hanya ɗaya ne, kwanakin da za a ɓata ɗaya ne, saboda haka kowane buhu da aka ɗora a sama shi ne ribar. Mai kaya na so, mai mota na so, ɗan kamasho na so. Har ƙarin bodi da sifirin ake yi wa mota don ta ɗauka. Inda babu jirgi kuma babu sikelin da ke aiki a bakin hanya, haka kowane ɗan kasuwa a duniya zai yi. Ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da iyakar tan 11.5 ga aksul guda tun 2012, kuma ko wannan halattaccen nauyin ɓarnarsa ta kusa ninka ta ma'aunin can sau huɗu.

Sai ruwa, wanda shi ne abokin aikin nauyi. Legas na samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, kuma a Apapa da Ijora da Lekki ba ka yin nisa da haƙa kake tarar da ruwa. Ƙasan wurin yashi ne da taɓo da ruɓaɓɓen ciyayin fadama. Jar ƙasar da ake cikon hanya da ita tana da ƙarfi idan ta bushe aka daddaɓe ta da rola, amma wata irinta da ta sha ruwa sai ta saki jiki. Shi ya sa a gwajin da ake kira CBR, wanda ya samo asali daga Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1920, akan jiƙa samfurin ƙasar har kwana huɗu kafin a danna masa ƙarfe a ga juriyarsa. Lambatu da ya toshe da leda yana yi wa hanya wannan jiƙon na tsawon damina gaba ɗaya. Ita ma kwaltar a zafin digiri 60 ake gwada ta, a gwajin Marshall, don a ga ko za ta motsa. Amma tirelar da ke tsaye kwana da kwanaki a layin shiga tasha, cikin rana, gas na ɗiga a ƙarƙashinta yana narkar da baƙin man da ke riƙe tsakuwa, wannan ba ya cikin lissafin da aka gina hanyar a kansa. Hanyoyin Apapa an yi su don a wuce ne, suka koma gareji.

Ba a rasa masu bincike ba. An kafa cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, a 1978, shekarar da aka buɗe hanyar Ibadan, kuma ɗakunan gwajinta na Ota, kusa da Legas. Jami'o'i sun daɗe suna gwada ƙarfafa jar ƙasa da siminti ko farar ƙasa, har da tokar ƙaiƙayin shinkafa. Sai dai a ganina an fi ba da ƙarfi wajen auna abin da za a shimfiɗa, aka bar abin da zai hau kai. Gwajin Ilinoi a ƙasa mai ƙanƙara aka yi shi, da motocin da aka san nauyinsu har kilo. Ƙa'idarsa ta yi aiki ko'ina, amma lambobin da za a zuba mata dole su fito daga sikelin gida.

Masu goyon bayan kankare na da hujja mai ƙarfi. Ba ya narkewa da gas, ba ya lotsawa ƙarƙashin motar da ke tsaye, kuma siminti a gida ake yin sa, tun daga Nkalagu a 1957 da Ewekoro a 1960 har zuwa Ibese da Obajana. Baƙin man kwalta kuwa galibi da dala ake sayo shi daga waje, duk da tarin wanda ke kwance a ƙasa a Agbabu ta jihar Ondo, inda aka fara haƙa tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ga wuri irin Apapa, ni ma kankare zan zaɓa. Amma shi ma yana da sharuɗɗansa: a ba shi ruwa ya nuna, a murƙushe samfurinsa a kwana 7 da kwana 28 a tabbatar da ƙarfinsa, a toshe gaɓoɓinsa. Idan ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, kowace tirela da ta wuce sai ta matso laka ta gaɓar, a hankali ƙasan ya zama kogo, kankaren ya rataye ya tsage. Gwajin Ilinoi bai keɓe kankare daga hukuncin nauyi ba.

Sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, an kai reshensa cikin tashar Apapa, kuma an fara ɗibar kwantena a jirgi. A ɗaya gefen birnin kuma an buɗe tashar ruwa mai zurfi ta Lekki a 2023, ga matatar mai da masana'antu kewaye da ita, kuma har yanzu dogo bai kai can ba. Duk abin da ya sauka a wurin, in ba ta ruwa ya fita ba, ta hanyar Lekki zuwa Epe zai bi a kan taya, ta cikin ƙasa mai yashi da fadama.