Kwalbar Maganin Tari Ba Ta Auna Huhu

Duk shekara, da zarar hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe Sakkwato, sai masu tari da haki su cika mana layi a asibiti, kuma kusan duk wanda na tambaya sai ya ce ya shekara biyu ko uku yana sayen maganin tari a kemis. Wata baiwar Allah leda ta kawo mini cike da kwalaben da ta shanye, alhali ba a taɓa auna numfashinta ba. Haba jama'a, sai yaushe za mu bar wannan ɗabi'a?

Gwajin auna numfashin nan babu allura, babu ɗibar jini. Za a auna tsayinka, a rubuta shekarunka, a matse maka hanci, sannan ka cika ƙirji da iska ka busa cikin na'urar da ake kira sifirometa da iyakar ƙarfinka har iskar ta ƙare, aƙalla sau uku. Abu biyu ake dubawa: iskar da ta fita a daƙiƙar farko, da jimillar wadda ka fitar. Idan ta daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na jimillar ba, alama ce hanyoyin iska sun ƙuntata. Daga nan sai a ba ka maganin shaƙa, ka jira kamar minti 15, ka sake busawa. Idan numfashi ya buɗe sosai, likita zai fi zargin asma. Idan kuwa bai buɗe ba, ana tunanin toshewar huhu mai ɗorewa, irin wadda hayaƙin sigari da na itace ke jawowa. Iyayenmu mata da suka yi shekaru a gindin murhu su ne suka fi ba ni tausayi a nan, domin ba su taɓa zuƙar taba ba.

Mai kemis ba ya iya gane wannan bambanci da ido, kwalbar kuma kwantar da tari kawai take yi, ciwon yana ci a ciki. Ku daina, don Allah!

Ranar gwaji kada a sha taba, kada a cika ciki, a sa tufafi sakakku, a faɗi duk maganin shaƙar da aka yi amfani da shi. Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ko yake da ciwon zuciya ya sanar da mu kafin ya busa. Wanda tarinsa ya kai mako biyu kuwa, ya fara kawo kakinsa a duba tarin fuka.