Phrasal verb a harshen Turanci

Phrasal verb shi ne sunan da ake kiran wani nau'in aikatau na Turanci wanda ba ya tafiya shi kaɗai, sai an jingina masa wata 'yar ƙaramar kalma irin su up, off, out, on, in ko down, kuma da sun haɗu sai ma'anar ta canza, wani lokacin ma ta yi nisa sosai da ta asali. Give dai kowa ya san bayarwa ne, amma give up haƙura ne da abu ko miƙa wuya. Look kallo ne, look for nema, look after kula da yaro ko mara lafiya, look up kuma duba kalma a ƙamus, ka ga aikatau ɗaya ya haifi ma'ana huɗu kuma ba su ƙare ba.

Sunan ya yaɗu ne a 1925 ta hannun marubuci Logan Pearsall Smith, shi kuma ya ce Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamus na Oxford, shi ya ba shi kalmar. Abin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba, don tun 1755 Samuel Johnson ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi ne ya fi ba baƙin harshe wahala. Asalinsa daga dangin harsunan Jamus ne da Turanci ya fito cikinsu. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci da Latin suka yi ta kwarara cikin harshen, shi ya sa yau abu ɗaya sai ka same shi da suna biyu, put off da postpone duk ɗage lokaci ne, find out da discover duk ganowa ne. Doguwar kalmar ta fi zama a takardar ofis da littafi, gajeren haɗin kuma shi ne na hira, na gida da kasuwa da waya. To a nan ne da yawa daga cikin ɗalibanmu ke tuntuɓe, mutum ya iya rubuta postpone tsaf amma ana ce masa they called it off a fim sai ya tsaya, alhali cewa aka yi an fasa.

Mai jin Hausa bai kamata abin nan ya firgita shi ba wallahi, domin muna da irinsa. Ci gaba, ci amana, ci bashi, sha wahala, sha kashi, babu wanda yake fassara su kalma bayan kalma, dunƙule muke ɗaukarsu tun muna yara. Haka ma aikin da go da come suke yi idan sun haɗu da out da in da back a Turanci, mu a ƙarshen aikatau muke yin sa: fita da fito, shiga da shigo, koma da komo. Bature zai ce go out da come out, mu wasali ɗaya muka canza.

Ta fuskar nahawu akwai masu rabuwa da marasa rabuwa. Turn off yana rabuwa, za ka iya cewa turn off the fan ko turn the fan off, duka daidai ne, amma in wakilin suna ne dole ya shiga tsakiya, turn it off ake cewa, turn off it kuskure ne. Look after kuwa ba ya rabuwa sam. Akwai kuma masu kalma uku kamar put up with, jure wa abu ko mutum, da look forward to, ɗokin zuwan abu, wanda in aikatau ya biyo shi sai ya ɗauki ing, I look forward to seeing you. A Turancin Najeriya ana yawan yar da aikatau ɗin gaba ɗaya a ce off the light, a gida kowa zai gane, amma a jarrabawar WAEC switch off ko turn off ake so.

Yawansu ya kai dubbai, sai dai ba duka ake bukata ba. Binciken Dee Gardner da Mark Davies na 2007 a kan wani babban rumbun Turancin Birtaniya ya nuna cewa guda 100 kacal sun ɗauke fiye da rabin duk wuraren da phrasal verb ya fito. A 2015 kuma Mélodie Garnier da Norbert Schmitt suka fitar da jerin guda 150 da aka fi amfani da su tare da ma'anonin da suka fi yawa.

Haddace su bisa jerin abacada ba ya zama a kai, gara a tattara su bisa yanayi ɗaya, kowanne da jimlarsa. Ɗauki kiran waya kawai: wayar ta yi ƙara ka ɗaga, pick up ke nan, ka ce wa mai kiran ya dakata, hold on, netwok ya fara yankewa ka ce you are breaking up, kati ya ƙare I ran out of credit, ka kashe kiran hang up, an jima ka sa kati ka sake kiransa, call back.