Hai-fai: Amana Ake Nufi, Ba Ƙara Ba

Kwanakin nan duk inda ka juya sai ka ci karo da hai-fai. 'Yar sifikar da ba ta fi tafin hannu ba an buga mata Hi-Fi a jikin kwali, abin saƙalawa a kunne hai-fai, wayar salula ma an ce sautinta hai-fai ne. Na daɗe ina kawar da kai, har ranar da na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana tallar kayan sauti yana cewa, "Wannan hai-fai ne na gaske, in ka kunna sai gilashin taga ya yi rawa." Abin ya tsaya mini a rai, domin halin da yake yabon kayan da shi, shi ne ainihin halin da kalmar ta zo ta yaƙa.

Hai-fai taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci biyu, high fidelity. Ta farkon ba ta da wuya, matsayi ne na sama. Ta biyun ce ke ɗauke da nauyin. Asalinta daga Latin ne, fides, wato aminci, cika alkawari, riƙon amana. Da ita Turawa ke siffanta miji ko matar da ba sa cin amanar aure. Injiniyoyin rediyo sun fara jingina ta ga sauti a shekarun 1930, ta kuma bazu cikin gidaje a shekarun 1950, bayan fitowar faifan garmaho mai dogon zango a 1948 da faifan sitiriyo mai fitar da sauti dama da hagu a wajajen 1958. Sunan Wi-Fi ma da muke faɗa kullum, a 1999 aka ƙirƙiro shi don ya yi amo da hai-fai, ba don yana da wata alaƙa da amana ba.

To amanar me? Amanar abin da aka naɗa. Kayan sauti ɗan aike ne. In ka aiki mutum da saƙo, ba ka yaba masa don ya fi kowa buɗe maƙogwaro, kana yaba masa ne don ya isar da maganarka yadda ka faɗe ta, bai rage ba, bai yi ƙarin gishiri ba. Sifikar da ke kumbura ƙugin ganga har ya danne muryar mawaƙi ta yi ƙarin gishiri. Wadda ke kaifafa siririn sauti har harafin "s" ya riƙa sukar kunne, ita ma ta yi. Ko da kana jin daɗin ƙarin, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji daɗinsa, sunansa ba hai-fai ba ne.

Akwai wani tsohon labari da nake yawan komawa kansa in ana wannan magana. Daga 1915, kamfanin Thomas Edison ya riƙa zagaya garuruwan Amurka yana shirya wani gwaji a manyan ɗakunan taro. Za a ajiye garmaho a kan dandamali, mawaƙiya ta tsaya kusa da shi. A ɗora faifanta, ta bi shi da baki suna rerawa tare, can sai ta yi shiru ta bar na'ura ita kaɗai, sannan ta sake kamawa. Wani lokaci a kashe fitilu, waƙa na ci gaba, in aka kunna sai a ga ashe ta sulale tun ɗazu, akwatin ne kawai ke rerawa. Jama'a su yi ta tafi, su tafi gida da yaƙinin cewa ba bambanci tsakanin mutum da na'ura. Na'urar nan fa ko lantarki ba ta amfani da shi wajen ɗaga sauti, allura ce da ƙaho a cikin akwati. Yaron yau in ya ji ta, cikin daƙiƙa biyu zai ce maka tsohon faifai ne.

Yaya aka yi ɗaki cike da manya masu hankali suka kasa rarrabewa? Wani ɓangare dai sabo ne, kunnensu bai taɓa jin abin da ya fi haka ba. Amma akwai abin da ya fi wannan. Ɗaya daga cikin mawaƙan, Anna Case, ta bayyana bayan shekaru masu yawa cewa ita ce take saita muryarta ta yi kama da ta na'urar. Amana ta juye ke nan. Maimakon akwati ya bi mutum, mutum ne ya sunkuya ya bi akwati.

Wannan juyewar ita ce ciwon da na fi gani a wurin masu kashe dukiya kan manyan kayan sauti, kuma ita ce dalilin da ya sa da yawansu ba sa samun natsuwa. Ina da aboki da ya tara kaya na gani na faɗa, amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, mai nauyin da sai mutum biyu ke ɗagawa, sifiku masu kai wa ƙirji. Duk zuwana gidansa waƙoƙi biyar ko shida yake sa mini, su ne dai kullum, ba kuma ya bari ko ɗaya ta kai ƙarshe. "Tsaya ka ji nan," in ji shi, yatsa a sama, ya mayar da ita baya daƙiƙa ashirin don in ji yadda tsirkiyar jita ke karkarwa. Na taɓa tambayarsa, "Wai abokina, ina waƙoƙin nan da kake so tun muna samari?" Ya ce ba sa fita da kyau a kan wannan kayan. Ya bar waƙar da yake ƙauna, ya koma zaɓar wadda ke fito da kyan na'ura. Anna Case ce ta dawo a falonsa. Kuma mai sauraron na'ura ba ya ƙoshi, domin kullum akwai wata sabuwa da aka ce ta fi.

Maganar wat, wato ma'aunin ƙarfin amfilifaya, ba zan daɗe a kanta ba, ko da yake nan ma an cika kunnen mutane. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu ba ya ƙara maka sai desibel 3 a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan ƙari kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Sifika ta gida da aka ba wat ɗaya tak tana iya fitar da desibel 85 zuwa 90 a tazarar mita ɗaya, wanda ya riga ya kai ƙarar da in aka daɗe cikinta take cutar da ji. Dubban wat ɗin da ake rubutawa da haruffan PMPO a jikin kwali, wai ƙololuwar ƙarfin da na'ura ke kaiwa na ɗan lokaci, ba su da wani ma'auni tsayayye. Ƙaryar wat ta taɓa yin yawa a Amurka har hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kafa doka a 1974 kan yadda za a riƙa auna shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda kunne ke da sauƙin ruɗi. In aka kunna maka kaya biyu, aka ɗan ɗaga ƙarar ɗaya kaɗan yadda ba za ka lura ba, sai ka rantse ya fi ɗayan tsabta da cika. Ido ma yana sa baki. Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana gwajin sauraro a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada, shi da abokin aikinsa Sean Olive sun nuna a 1994 cewa makin da mutane ke ba sifiku yana sauyawa in suna ganinsu, idan aka kwatanta da lokacin da aka ɓoye su bayan labule. Girma da ƙyalli da sanin tsada duk suna shiga cikin abin da mutum ke zaton kunnensa ne ya ji, har ƙwararru ba su tsira ba. Shi ya sa sautin da ke burge ka cikin minti biyar na farko, mai ƙyalƙyali da dukan ƙirji, sau da yawa shi ne wanda bayan awa ɗaya za ka ji kanka ya yi nauyi ka miƙa hannu ka rage. Sauti mai amana ba ya tsalle ya tare ka a bakin ƙofa. Ranar farko ma kana iya cewa lami ne. Sai dai ka duba agogo ka ga dare ya raba, kai kuwa ba ka gaji ba.

Akwai kuma ɗan aike na ƙarshe da ba a sayensa a kwali, wato ɗakin da kake zaune. Yawancin abin da ke isa kunnenka ya riga ya bugi bango ko rufi ko daɓe kafin ya iso. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar ƙugi mai bugu 50 a daƙiƙa tsawonta ya kusa mita bakwai, ya fi ɗakuna da yawa tsawo. Ba ta da wurin miƙewa, sai ta taru a kusurwa ta yi gunji, a wani wurin kuma ta ɓace ɗungurungum. Wayar haɗi komai tsadarta ba ta gyara wannan.

Ni kaina na yi watanni ina zargin amfilifayata da laifin da ba nata ba. Sifikuna suna manne da bango, ɗaya ma a cikin kusurwa, murya kuma na fita kamar daga cikin tulu. Wata ranar hutu na jawo su gaba kamar kamu uku daga bango, na auna da igiya har tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerata, na ɗan karkato fuskokinsu gare ni, na shimfiɗa darduma mai kauri a tsakani, na saki labulen taga. Da na zauna na kunna, sai muryar ta bar jikin akwatunan ta tsaya a tsakiya, wurin da babu komai sai iska. Na ji mawaƙin ya ja numfashi kafin baiti. Na ji mai ganga yana can baya ta hagu, ba a kan cinyata ba.

Daga nan na ɗauko wani tsohon faifai da nake so tun ina yaro, wanda aka naɗa da kayan aiki marasa kyau. Bai gyaru ba. Shuuu ɗin tef ɗin na nan, wurin da murya ta fi ƙarfin makirufo ta tsage shi ma yana nan, har ya fi fitowa fili fiye da da, domin amintaccen ɗan aike ba ya rufa wa saƙo asiri. Amma a bayan shuuu ɗin na ji wani daga cikin 'yan amshi ya shigo a makare ya yi sauri ya kamo sauran, abin da ban taɓa ji ba a duk shekarun da na yi da waƙar. Na bar faifan ya tafi har ƙarshensa, na juya ɗaya gefen.